Gawon da Baba Bai Gani Ba

Har yau in na bi ta tudun gabas na ga allon ƙarfen nan da sunka kafa, sai in kau da kai. An ce in yi haƙuri, na yi. Amma ba wanda ya isa shi ce in yi shiru, don haka za ni faɗi yadda abin ya faru, wanda ya ji zafi shi nemi ruwa shi sha.

Sunana Saude. Tun da mijina ya rasu na dawo gidan mahaifina, Baba Almu, a ƙauyenmu da ke kusa da Unguwar Lalle. Baba na da wata saura a tudun gabas, tsohuwar gona ce da rairayi ya cinye har gero ya daina kai gwiwa a cikinta. Shekara tara da sunka wuce ya tafi ta'aziyya wajen dangin uwarsa a ƙetaren iyaka, can wajen Maraɗi, ya ga gonakinsu cike da itatuwa alhali ba wanda ya dasa ko ɗaya. Sunka nuna mai dabarar. Kututturen nan da muke sarewa kowace shekara lokacin sassabe ba matacce ba ne, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. In ya yi toho sai ka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ka bari, ka datse sauran, kowace shekara ka riƙa yi mai aski. Ba ban ruwa, ba komai.

Baba ya dawo ya kama yi. A wurinmu kuwa manomin kirki shi ne wanda in ya share gona ba ka ganin ko tsinke a tsaye, don haka mutane sunka samu abin dariya. Sunka ce tsufa ya kama Almu, ya bar noma ya koma kiwon ƙaya. Bai kula su ba. A hankali tudun ya tashi da icce sittin da uku, yawancinsu gawo, sai 'yan kalgo da magarya da aduwa. Da hanyar daji ta lalace da 'yan bindiga, mata sunka daina zuwa nesa neman iccen girki, duk wani abu mai reshe kusa da gari ya shiga murhu. Na Baba kaɗai sunka tsira, don ni ke tsaronsu, kuma kowa a garin nan ya san bakina.

Abin da ke cin raina shi ne, Baba bai taɓa ganinsu da girmansu ba. Suna iyakar ƙirjinsa yanar ido ta rufe mai gani, shekara huɗu ke nan. Kullum da safe ni ke riƙe mai sanda mu hau tudu, shi bi su ɗaya bayan ɗaya shina shafawa, 'yar wuƙarsa a hannu. Ƙaya ta sha huda mai yatsu, ko a jikinsa. Har suna ya sa wa wasu. Babban cikinsu Sarkin Tudu, wanda ake hango kansa daga ƙofar gidanmu. Akwai kuma wani karkatacce da ya ƙi miƙewa duk yadda anka tokare shi, Baba ya sa mai Mai Gardama, wai halina gare shi.

"Saude, wanga ya kai ina?"

"Ya wuce katangar masallaci, Baba."

"Kai, ƙarya kike, kina son ki faranta mani."

"Wallahi ya wuce."

Sai shi yi dariya shi ce, "To Allah shi nuna mani da idona, ko sau ɗaya." Wannan addu'ar na ji ta ba adadi.

Ana nan damina ta faɗi, sai ga Dalhatu, ɗan ƙanen Baba. Ya yi 'yan shekaru a Sakkwato ya dawo da jaka a hammata da maganar ceto muhalli a baki, ya kafa ƙungiyar dashen itatuwa shi ne shugaba. Ni ban ƙi abin ba, gaskiya. Garinmu na bukatar inuwa. Ya durƙusa gaban Baba a zaure ya ce wata ƙungiya daga birni ta ba su dashe ɗari biyar, dogon yaro da turare, amma sai an samu fili kusa da gari, kuma manyan baƙi za su zo ranar dashen.

Baba ya ji daɗi har ya kama hannunsa. "Ashe dai kun gane. Ku tai tudu, fili na nan tsakanin nawa. Ku dasa, manyan su yi ma ƙananan inuwa."

Na ce, "Dalhatu, ka ji da kyau. Tsakaninsu aka ce."

"Haba Yaya Saude, mu da muke neman icce ido rufe? Ko ganye ba mai taɓawa."

"Gawo ba shi da ganye da damina, ka sani. Reshe nake nufi."

"To ko reshe." Ya yi dariya ya ce bikin ma sai mako na sama.

Wannan maganar ce ta sa na yarda na bar gari. A makon ne anka yi shelar likitocin ido sun zo garin Isa suna aikin yanar ido kyauta. Ran Litinin munka tafi. Munka sauka gidan wata 'yar uwarmu muna bin layi, ran Talata da yamma anka shiga da shi, ran Laraba anka cire mai auduga. Ina tsaye a gefensa. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya juyo ya dube ni tsawon lokaci.

"Saude," ya ce, "yaushe kika yi furfura?"

Na fashe da kuka ina dariya. Likita ya ba shi baƙin tabarau da maganin ɗigawa, ya ce a kiyaye shi da rana da ƙura. Ran Alhamis da sassafe munka samu mota cikin masu tafiya a jere, don yanzu ba mai bin hanyar nan shi kaɗai. Duk tsawon hanya Baba fuskarsa na jikin taga kamar wanda bai taɓa shiga mota ba. Shina faɗin ga gero ya yi kore, ga raƙumi, ga mata da tulu. Kowane gawo munka wuce sai shi taɓa ni shi ce, "Sarkin Tudu ya kai wancan?" In ce ya kusa. Shi gyaɗa kai shina murmushi.

Daga tasha munka hau babur, ya sauke mu ƙofar gida wajen hantsi. Tun kafin in sauke ƙafa na ji lasifika na tashi daga gabas. Na ɗaga kai wurin da na saba ganin kan Sarkin Tudu bisa rufin gidaje. Ba komai, sai sama.

Ban san yadda na yi na shigar da Baba ɗaki ba. Na shimfiɗa mai tabarma na ce likita ya ce shi kwanta sai rana ta yi sanyi. Ya ce likita bai ce haka ba. Na ce ya faɗa mani a gefe. Ƙarya na yi wa mahaifina, Allah shi yafe mani. Na fita da gudu ko mayafina ban gyara ba.

Inna lillahi. Tudun nan an aske shi ƙwal. An ja igiya an haƙa ramuka a jere kamar layin sallar idi, a bakin kowane rami ga ɗan dashe cikin baƙar leda, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. An kafa rumfunan haya guda biyu don baƙi su samu inuwa. Ku ji fa, inuwa. Sannan an kewaye filin duka da shingen ƙaya sabo fil, mai kauri, da turaku tsaye. Na matsa na duba shingen. Rassan gawon Baba ne. An sare icce mai shekara tara don a kare icce mai wata uku daga awaki.

Na tarar da Attahiru, maƙwabcinmu, shina ɗaure ƙofar shingen. Shi ne jagoran gayya a unguwarmu, duk aikin taro shi ke kiran maza. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai.

"Malam Attahiru, da hannunka?"

"Saude, an ce a yi gayya a share fili, baƙi sun matso da ranar. Ke kin san yadda muke sharar fili. Da gatari ya fara sauka ba wanda ya tsaya tambaya."

"Ba ka san na Baba ba ne? Ba a gabanka shike hawa kullum ba?"

"Na sani. Na ɗauka ya yarda." Ya ci gaba da murɗa igiyar da ta riga ta ɗauru.

Dalhatu na can cikin babbar riga shina gyara kujeru. Na je na tsaya gabansa. Ban ɗaga murya ba, don in na ɗaga ban san inda za ni tsaya ba.

"Ko reshe, ka ce."

"Yaya Saude, ki bari mu yi magana bayan taro."

"Yanzu za mu yi."

Ya ja ni gefe shina waige-waige. Wai masu ba da dashen sun aiko a tura masu hoton fili, da sunka gani sunka ce daji ne, layi ba zai miƙe ba. Wai kuma an rasa ƙayar shinge, ba mai iya shiga daji nemowa. Sannan ya buɗe baki ya ce mani, "Kuma ai yawancinsu sun bushe, ba ganye ko ɗaya."

Nan ne na ji kamar in ɗauke shi da mari. Yaron da anka yanke wa cibiya a garin nan, wanda ya yi kiwon awakin ubansa da 'ya'yan gawo, shi ke gaya mani gawo ya bushe don ba shi da ganye da damina. Ko jaririn goye ya san gawo da damina shike zubar da ganye shi bar wa gero rana, da rani shi yi kore lokacin da komai ya ƙone. Don haka ne Baba ya zaɓe shi.

Na ce, "Dalhatu, in baƙonka ya faɗi haka sai in ce bai sani ba. Kai ka sani. Tsoron kada a ce filinka bai yi kyau a hoto ba ya sa ka. Tir da wannan shugabanci."

Sai ga motocin baƙi sun iso. Na juya da niyyar in koma gida in tsare Baba, in nemi yadda za ni gaya mai a hankali, ko gobe, ko jibi. Na shiga ɗaki na tarar da tabarma ba kowa, sandarsa jingine da bango. Shekara huɗu ni ce idonsa, ba ya taka ko ƙofar gida sai da ni, har na manta yau ba ya bukatata.

Ko da na koma tudu ya riga ni. Shina tsaye a ƙofar shingen da baƙin tabarau, hannayensa a baya. Mai lasifika ya hango shi ya ce, "Ga dattijon arziki wanda ya ba da filinsa, a ba shi hanya." Anka tafa. Wallahi tafawa anka yi. Babban baƙon, wani mai farar shadda da ban riƙe sunansa ba, ya yi jawabi ya ce jiya wurin nan kufai ne, yau al'umma ta farka. Ya ce a ba dattijo dashen farko.

Baba ya karɓa. Na zaci zai jefar, ni da na jefar. Sai ya durƙusa ya yage ledar a hankali don kada ƙasar ta warwatse, ya saka a rami, ya mayar da ƙasa ya danna da tafin hannu, ya yi mai ɗan gurbi na tara ruwa. Masu hoto sunka yi ta ɗauka. Da ya gama bai koma wajen kujerar da anka nuna mai ba. Ya cire tabarau ya tsaya shina duban filin, gabas da yamma. Na ga bai gane wurin ba. Idonsa bai san tudun nan haka ba, kuma ba abin da zai kama.

Sai ya rufe idanun. Ya taka daga ƙofa shina ƙirga sawu yadda ya saba, ya karkata dama, ya durƙusa, ya miƙa hannu. Hannun ya sauka daidai kan wani kututture fari, saran gatari a kansa. Ya shafa shi ya kewaye.

"Mai Gardama na," ya ce.

Ya tashi ya ci gaba, ido rufe, mutane na matsawa. Kututture bayan kututture shina kiran na mai suna da sunansa. A wasu wuraren hannunsa sai ya faɗa rami, don duk wanda ya faɗo kan igiyar layi ba sare shi kawai anka yi ba, tone shi anka yi har saiwa. Goma sha ɗaya ne haka. Da ya kai tsakiyar tudu ya miƙa hannu sai ya ci karo da ƙarfe. A gurbin Sarkin Tudu ne sunka kafa allon ƙungiya, da sunan Dalhatu a ƙasa.

Baƙon ya sunkuya ya tambayi Dalhatu mi ke faruwa. Ni na amsa mai. Na ce, "Alhaji, kufan da ka ce, icce sittin da uku ke cikinsa ran Litinin. Ga su can kun yi shinge da su. Wannan tsohon shi ya rene su shekara tara, huɗu a ciki da lalube. Jiya anka buɗe mai ido." Baƙon ya ce subhanallahi, ba a sanar da su ba. Ya ciro ɗan littafi ya rubuta wani abu, ya ce za a duba. Anka ci shinkafa, anka shiga mota. Ban sake jin ɗuriyar littafin nan ba.

Baba ya sauke hannu daga allon. Ya buɗe ido ya nufi shingen, ya bi shi a hankali shina duban rassan. Ya tsaya wajen wani turke mai kauri kamar cinyar babban mutum, ya dafa shi, ya dube shi sama da ƙasa.

"Saude, wanga na Sarkin Tudu na?"

"Nasa ne, Baba. Reshensa ne ma, ba gindin ba."

"Reshe." Ya jinjina kai. "Ashe ba ƙarya kike ba."

Wannan kalmar ta fi komai yi mani ciwo. Na zauna nan ƙasa gaban maza na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mijina.

Da yamma Dalhatu ya zo da dattawa biyu ba da haƙuri. Baba ya ce ya yafe, amma shi tabbata ana ba dashen ruwa da rani, don su ba su da laifi. Ni ban ce na yafe ba, kuma ba a tambaye ni ba. Ban ruwan kuwa, ku je ku gani. Rijiyarmu gaba ashirin ce, mata na layi tun asuba don na sha, wa zai ɗauki tulu shi hau tudu don dashe ɗari biyar? Kafin watan azumi waɗanda sunka rage ba su cika arba'in ba. Shingen ma ya bi murhu reshe reshe, kuma wannan karon ban tsare ba. Na Baba na farko shina nan da rai, don shi da kansa ke kai mai ruwa a buta.

Amma kafin nan, kwana ashirin da 'yan kai bayan bikin, Baba ya tashe ni da safe ya ce mu hau tudu. Ban so ba, na bi shi. Shina gaba ina baya, abin da ban saba ba. Ya kai ni gindin Mai Gardama. Kututturen ya fito da toho a kewaye, jajaye-jajaye masu laushi, sun fi goma. Na ƙirga sauran a ranar, hamsin da biyu duk sun yi. Baba ya tsuguna shina dubansu kusa kusa, da ido wannan karon, ya ce a bar su su ƙara ƙwari, amma tun yanzu ana gane wanda zai yi icce.

"Wanne za ki bari?" ya tambaye ni.

"Baba, kai ke zaɓe."

"Na tambaye ki."

Na nuna ɗaya mai kauri da ke gefen gabas. Ya ce haka ne, shi ma shi zai bari. Sannan ya sa hannu aljihu ya ciro 'yar wuƙar nan, wadda ƙotarta ta yi santsi don riƙo, ya kama hannuna ya saka ta ciki ya naɗe mani yatsu a kai.

Na ce, "Mi za ni yi da ita? Kai ne mai ido sabo."

"Saba'in da takwas gare ni, Saude. Wata shekara tara ɗin ba tawa ba ce." Ya dafa kafaɗata ya miƙe. "Na ga ƙuruciyarsu sau biyu, Alhamdu lillahi. Girman ke za ki gan mani."

Wuƙar na nan ɗaure a bakin zanena. Dalhatu na ji ana cewa shina neman wani fili don dashen baɗi. Na aika mai da saƙo ta bakin uwarsa cewa tudun gabas da mai shi, kuma ba ni da wata tafiya Isa.